Fistol mai jikin roba: riƙo, kunama, da abin da ke sa ta cije

Wanda ya saba da tsohuwar fistol ta ƙarfe zalla, ranar da ya fara ɗaukar mai jikin roba abu biyu ne za su ba shi mamaki. Na farko rashin nauyinta. Na biyu, a yawancinsu babu wani maɓalli a gefe da zai murɗa ya kulle kunama. Masu ƙera ta sun rage mata nauyi, sun rage mata kaya, sai aikin da ƙarfe da maɓalli suke yi a da ya dawo kan hannun mai riƙe da ita. Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan ya samo tushe.

Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da fistol mai jikin roba a 1970, wato VP70, sai dai ba ta samu karɓuwa sosai ba, don kunamarta ta yi tauri. Wadda ta buɗe hanya ita ce Glock 17, ƙirar Gaston Glock na ƙasar Ostiriya, wadda sojojin ƙasar suka zaɓa a 1982. Ƙanwarta Glock 19 ta biyo baya a 1988. Yanzu kusan kowane babban kamfani yana da tasa: Smith & Wesson M&P, CZ P-10 C, Walther PDP, HK VP9, da SIG Sauer P320 wadda rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ɗauka a 2017 da sunan M17 da M18.

Robar nan ba irin ta bokiti ba ce. Nailan ce mai ƙarfi, wasu kamfanoni har zaren gilashi suke cuɗa mata. Kuma gangar jikin ce kawai roba, wato mariƙi da gidan kunama, abin da ake ce wa firam. Bututu, da ƙarfen sama mai zamewa gaba da baya wanda masu harbi ke ce wa silaid, da allura, da sifirin, da ƴan dogayen da silaid ke gudu a kansu, duk ƙarfe ne. Maganar da ake yi cewa na'urar binciken filin jirgi ba ta ganin irin wannan bindiga ba ta da tushe. Glock 17 ba magazin, wato kurtun da ake jera harsashi a ciki, tana da nauyin giram 625 ko kusa da haka, alhali CZ 75 ta ƙarfe tana kai kilo guda.

Kafin a zo ga saye, doka ce a gaba, kuma ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan dukkan ƙananan bindigogi tun 1997. A Amurka kowace jiha da nata tsarin. Wasu ƙasashen sai ka ci jarrabawa, likita ya duba ka, a tabbatar kana da wurin ajiya. Ka san abin da dokar inda kake ta ce game da lasisi, da ajiya, da yadda ake tafiya da bindiga daga gida zuwa filin harbi. Inda doka ta hana, magana ta ƙare. Inda ta yarda, ka nemi malami mai shaidar koyarwa ya tsaya a kanka a harbinka na farko, domin rubutu ba ya ganin yatsanka.

Yadda take aiki

Idan ka ja kunama, allurar da ke cikin silaid tana kuɓucewa, sifirin ya tura ta ta daki ɗan maɓallin da ke gindin harsashi, wato firaima. Albarushi ya kama, iskar da ya haifar ta tura ƙwayar harsashi ta bututu. Ƙarfin nan dai shi ke tura kwanso baya ya danni fuskar silaid. Bututu da silaid suna komawa baya a manne na ƴan milimita, sai gindin bututu ya sunkuya ya saki silaid ya ci gaba shi kaɗai. Wata ƙugiya ta jawo kwanson da aka harba, wani ɗan ƙarfe ya tunkuɗe shi ta tagar dama, sannan babban sifirin ya dawo da silaid gaba, ya kwaso harsashin da ke saman magazin ya cusa a ɗakinsa. Wannan dabara ta maƙerin bindiga John Browning ce, kuma dukkan zagayen bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba.

Abin da sabon shiga ke mantawa shi ne, da zarar ta tashi ta riga ta sake ɗana kanta. Mutum ya yi harbinsa na farko, murna ta kama shi, ya juyo ya nuna wa na bayansa, bindiga kuwa cike take, yatsa na kan kunama.

A Glock akwai kariya uku, duk a ciki. Akwai ɗan harshe a tsakiyar kunama wanda sai an danna shi kunama ke motsi. Akwai ɗan ƙarfen da ke tare hanyar allura har sai an ja kunama. Akwai kuma wanda ke hana allura kuɓucewa idan bindiga ta faɗi ƙasa. Dukkansu ukun jan kunama ne ke cire su, ba ruwansu da wanda ya ja. Ko yatsa ne, ko bakin riga, ko igiyar jaket, duk ɗaya ne a wurinsu. Shi ya sa ƙa'idojin nan huɗu da malamin harbi Jeff Cooper ya yaɗa suka fi nauyi a kan wannan bindiga: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ka lalata ba, yatsa ba ya shiga gidan kunama sai saiti ya hau abin da za ka harba, kuma ka san abin da kake aunawa da abin da ke bayansa. Ƙwayar 9mm tana huda bangon katako ko na allon silin ta wuce, kuma idan aka harba ta sama-sama tana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi. Wadda aka harba sama don murna ma dawowa take yi, kuma tana kisa.

Sauke harsashi yana da jeri, kuma jerin ne kan magana. Bakin bindiga na kallon wuri mai aminci, yatsa a miƙe a jikin firam. Ka fara cire magazin. Bayan nan ka ja silaid baya da ƙarfi sau biyu ko uku, ka kulle shi a buɗe. Ka leƙa ɗakin harsashi da idonka, ka sa ɗan yatsa ka taɓa, ka leƙa ramin magazin har ka hango ƙasa. Wanda ya juya jerin, ya ja silaid tukuna sannan ya cire magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ya cusa wani, ga magazin a hannunsa yana ganin ya gama. Da yawan harbin kuskure a nan yake faruwa. Kuma yawancin irin waɗannan bindigogi suna tashi ko babu magazin a ciki.

Zaɓen bindiga ba ya buƙatar dogon bayani. Mai matsakaicin girma irin Glock 19, mai bututu milimita 102 da magazin mai cin 15, ta fi dacewa da mai koyo a kan ƴan ƙananan da ake ɓoyewa a aljihu. Ƙarama ta fi shuri, mariƙinta gajere, saitinta kusa da juna. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na hannu: ka riƙe ta daidai, ka ga ko tsokar gaɓar farko ta yatsanka ta sauka a kan kunama ba tare da ka karkata riƙon ba. Yawancin na yanzu suna zuwa da faifan bayan mariƙi kala biyu ko uku da ake canzawa, ka gwada su duka.

Harsashi kuwa, abin da aka rubuta a jikin bututu shi za ka sa, ba wani ba. 9x19, wanda ake kira 9mm Luger ko Parabellum, daban yake da 9x17 wato .380 ACP, daban yake da 9x18 Makarov, ko da yake duk ana ce musu "tara". Ka duba rubutun bututu, ka duba kwali, ka duba gindin kwanso. Ƙwayar 9x19 da aka fi samu nauyinta giram 7.5, ko 8, ko 9.5. Masu sauƙin suna fita da gudun mita 350 zuwa 380 a sakan, mai nauyin kuma wajen mita 300. Mai alamar +P ya fi matsi, yana saurin gajiyar da sifirin, kuma sai littafin bindigar ya yarda da shi. Littafin Glock ya hana harsashin da aka sake cikawa da hannu, kuma ana gargaɗi a kan ƙwayar dalma tsirara wadda ba a lulluɓe da jan ƙarfe ba, domin dalma na taruwa a irin tsagin bututunta har matsi ya hau.

Riƙo

A nan ne mafi yawan aikin yake. Kunamar Glock tana buƙatar jan kusan kilo biyu da rabi, bindigar kuwa, idan Glock 19 ce cike da harsashi, ba ta kai giram 900 ba. Wato kana jan abu da ƙarfin da ya kusa ninka nauyinsa uku, kana kuma so kada ya motsa. Fistol ta ƙarfe nauyinta yana rufa wa mai harbi asiri. Ta roba ba ta rufawa.

Ga mai amfani da dama: tsakanin babban yatsa da manuni ya hau can saman mariƙi, ya matse da ɗan leɓen da ke ƙarƙashin silaid, kada a bar ko ɗan sarari. Duk milimitar da hannu ya sauka ƙasa tana ƙara wa bakin bindiga tsalle, saboda shurin ta layin bututu yake zuwa, hannu kuwa yana ƙasa da layin. Yatsu uku su naɗe mariƙi, na tsakiya yana taɓa ƙasan gidan kunama. Yanzu ka dubi gefen hagu na mariƙin, za ka ga fili inda yatsun dama ba su rufe ba. Tudun tafin hagu ne zai cike filin nan, fata ta taɓa roba. Ka karya wuyan hannun hagu ƙasa har babban yatsa ya miƙe yana nuna gaba a jikin firam, sauran yatsu huɗu su naɗe a kan na dama, manuni yana dannan ƙasan gidan kunama. Babban yatsan dama ya kwanta a bayan na hagu.

Hannun hagu ne ke matsewa sosai. Na dama ya riƙe da ƙarfi amma ba har ya sandare ba, domin idan ka matse yatsu uku iya ƙarfinka, manuni ba zai iya motsi shi kaɗai ba. Wuyan hannu biyu a kulle. Gwiwar hannu da ɗan lanƙwasa. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ta hagu ɗan gaba, nauyin jiki ya rinjaya gaba. Mai koyo yakan ja ƙirji baya don tsoron ƙara, sai kowane harbi ya ƙara tura shi baya.

Kurakurai biyu na babban yatsa sun cancanci ambato. Idan na hagu ya haye ta bayan silaid, silaid zai yanke shi idan ya dawo, kuma yankan ba ƙarami ba ne. Idan na dama ya kwanta a kan ɗan maɓallin da ke tsayar da silaid, silaid ba zai tsaya a buɗe ba bayan harsashin ƙarshe, mai bindiga ya yi ta zargin magazin alhali yatsansa ne.

Saiti biyu ne a saman silaid, ɗaya a gaba ɗaya a baya: na gaba ya zauna a tsakiyar tsagin na baya, samansu daidai, hasken dama da na hagu daidai. Ido ba ya iya tsayawa a nisa uku lokaci ɗaya, saboda haka na gaba za ka zuba wa ido, takardar da kake auna ta ɗan yi dishi-dishi. Ga lissafin da ke nuna dalili. Tsakanin saiti biyu a Glock 19 kusan milimita 153 ne. Idan na gaba ya kauce da milimita ɗaya tak, a nisan mita 10 ƙwaya za ta kauce da santimita shida da rabi, a mita 25 kuma santimita 16. Rawar da hannu ke yi gaba ɗaya, saiti na jere, ba ta kai wannan ɓarna ba. Ka bar bindiga ta yi ɗan yawonta, kada ka yi ƙoƙarin cafke lokacin da ta tsaya cak. Masu sa ɗan gilashin nan mai jan ɗigo a kan silaid su kuma takardar suke kallo da ido biyu, ɗigon ya hau kanta. Yana taimakon wanda idonsa ya fara gajiya, amma sai an ɗaure sukurorinsa da ma'aunin da kamfani ya faɗa, an kuma kula da batir.

Kunama tana da zango. Da farko akwai sako-sako, sai ka ji ta tsaya kamar ta ci karo da wani abu, daga nan ka ƙara matsi a hankali, kai tsaye baya, har ta karye. Bayan ta tashi ka sake ta gaba har ka ji ɗan ƙas, ta sake kamawa ke nan. Wanda ke harbi da dama idan ya ga ramukansa suna taruwa ƙasa ta hagu, kusan kullum ba laifin saiti ba ne. Jikinsa ne ke tarar shurin kafin ya zo, ya danna bakin bindiga ƙasa, sauran yatsu kuma suka matse tare da manuni. Maganin da ya fi ci shi ne wani ya cika maka magazin, ya cakuɗa harsashin bogi na atisaye biyu ko uku a ciki ba ka san inda suke ba. Idan ka zo kan na bogi, kunama ta ce ƙas, za ka ga bakin bindiga ya yi sujada da idonka. Mutum ba ya yarda yana yi sai ya gani.

Atisaye ba harsashi yana gyara wannan fiye da ƙona kwali goma. Ka sauke bindiga bisa jerin da aka faɗa, ka fitar da duk wani harsashi daga ɗakin da kake atisayen gaba ɗaya, ka zaɓi bangon da zai iya tare ƙwaya in an yi rashin sa'a. Minti goma sun isa. Ka ɗora kwanso a tsaye a kan silaid kusa da saitin gaba, ka ja kunama ba tare da ya faɗo ba. Idan ka gama, ka faɗa da bakinka cewa ka gama, ka ajiye ta. Haɗarin wannan atisaye yana zuwa ne bayan an mayar da harsashi, hannu ya ce bari in ƙara ɗaya.

A filin harbi ka fara daga mita 3 zuwa 5, harsashi biyar-biyar, har ramukan su taru wurin da tafin hannu zai rufe. Sannan mita 7, sannan 10, sannan 15. Harsashi 50 da aka harba da natsuwa, ana duba kowanne, sun fi 200 na gaggawa. Kada ka taɓa saiti sai ka zauna, ka ɗora hannu a kan jakar yashi, ka ga ramukan sun taru wuri ɗaya a gefe, kuma wani gwani ya harba ya samu haka. In ya tabbata, saitin baya ake turawa ɓangaren da ake so ƙwaya ta koma.

Idan ta cije

Ka ja kunama ka ji ƙas, ba ta tashi ba. A filin atisaye kada ka yi gaggawa. Ka bar bakinta na kallon gaba sakan 30, domin wani lokaci firaima kan yi jinkirin kamawa. Sannan ka fitar da harsashin ka dubi gindinsa. Idan allura ta yi masa rami mai zurfi, harsashin ne mara kyau. Idan ramin ɗan kaɗan ne, ko hanyar allura ta cika da mai da datti, ko sifirin ɗinta ya gaji, ko silaid bai rufe ruf ba. Idan kuwa ɗakin babu komai, magazin ne bai zauna ba. Cikakken magazin yana da wuyar zama idan silaid na rufe, sai an buga gindinsa da tafi an kuma ja shi ƙasa a tabbatar ya kama. Gyaran gaggawa da ake koyarwa shi ne a bugi gindin magazin, a ja silaid baya har ƙarshe, a sake shi ya tafi da kansa. Kada ka raka shi da hannu, rakiyar ce ke hana shi rufewa.

Wani lokaci kwanso kan maƙale a taga, a tsaye, silaid ya cije shi. Wannan ciwon bindigar roba ne musamman. Silaid yana buƙatar firam ya tsaya daram kafin ya iya kaiwa ƙarshen tafiyarsa. Idan wuyan hannu ya yi laushi, firam mara nauyi sai ya bi silaid baya, ƙarfin ya tafi a banza. Hannunka wani ɓangare ne na injin. Raunin harsashi ko ƙugiya mai datti su ma suna jawo haka, amma ka fara zargin riƙo, musamman in bindigar na aiki lafiya a hannun wani.

Mafi ban haushi shi ne a samu kwanso ko harsashi a ɗaki, wani kuma na turowa daga baya. Buga magazin ba ya gyara wannan, ƙara cusa shi yake yi. Ka kulle silaid a baya, ka fizge magazin da ƙarfi, ka ja silaid sau uku har abin da ke ɗaki ya fita, sannan ka sa wani magazin. In ya yawaita, a duba ƙugiya da sifirin ɗinta.

Akwai guda ɗaya da ba a yi masa gyaran gaggawa ko kaɗan. Idan ƙarar ta fito a raunane, fus maimakon tau, shurin ma ba ƙarfi, ka tsaya nan take. Mai yiwuwa albarushi bai isa ba, ƙwaya ta tsaya a cikin bututu. Harbi na gaba a kanta zai kumbura bututu ko ya fasa shi, firam ɗin roba ya tsage a tafin hannunka. Ka sauke bindiga, ka warware ta, ka cire bututu ka duba ta gindi, ko ka zura sandar gogewa ka ga ko ta wuce.

Yawancin matsalar ciyar da harsashi daga magazin take: leɓensa ya buɗe, sifirin ya gaji, ko yashi ya shiga. Ka rubuta wa kowane magazin lamba a gindi. Idan cijewar na bin lamba ɗaya, ka san mai laifi, ka fitar da shi daga aiki. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: harsashin da ake ta cusawa ɗaki ana fitarwa, kowane karo ƙwayarsa na ɗan nutsewa cikin kwanso, wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau. Ka jera shi da sabo a kan tebur, in ya fi guntu kada ka harba shi.

Wanki da mai

Ba a wanke bindiga alhali akwai harsashi a cikinta ko a ɗakin da ake wankin. Glock sai an ja kunama kafin ta warwaru, shi ya sa dubawa sau biyu ta zama dole a kanta. M&P da P320 an yi musu hanyar warwarewa ba tare da jan kunama ba. A Glock, bayan ka tabbatar babu komai ka kuma ja kunama bakinta na kallon wuri mai aminci, ka ja silaid baya kamar milimita uku, ka sauke ƴan maɓallan nan biyu na gefe tare, silaid ya zame gaba. Kashi huɗu za ka samu: firam, silaid, bututu, da babban sifirin da sandarsa. Iyakar warwarewar da mai bindiga ke buƙata ke nan.

Buroshi ta gindin bututu yake shiga, ba ta baki ba, don kada a ci gefen bakin. Ka bi da ƙyalle har ya fito fes, ka bar ɗakin harsashi a bushe. Ka goge fuskar silaid da ƙarƙashin ƙugiya da ɗan buroshin nailan, silaid na kallon ƙasa don kada ruwan wanki ya gangara ramin allura. Firam tsumma ya ishe shi, kuma kada ka zuba masa wani sinadari mai ƙarfi da littafinsa bai ambata ba.

Mai kaɗan take so, ɗigo biyar ko shida: a kan dogayen da silaid ke gudu, a jikin bututu ta waje inda ka ga ya fara sheƙi, a inda bututu ke gogar cikin silaid, da ɗigo ɗaya inda sandar kunama ke haɗuwa da ɗan ƙarfen da ke sakin ta. Hanyar allura ba a sa mata mai sam. Mai a wurin yana kama toka da ɓurɓushin tagulla ya zama laka, allura ta rage gudu. Cikin magazin ma a bushe ake barinsa. Idan ka haɗa ta, ka gwada ba harsashi: ja silaid, ja kunama ka riƙe, sake jan silaid, saki kunama a hankali ka ji ƙas ɗin kamawa. Babban sifirin yana gajiya, masu gyara da yawa suna canza shi wajen harbi 5,000. Alamarsa ita ce kwanso ya riƙa faɗawa nesa fiye da da, ko silaid ya riƙa kasa rufewa.

Kunne da ido ba a wasa da su. Ƙarar 9mm tana kai desibel 160, alhali daga 140 ƙara ɗaya tak na iya lalata kunne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A fili mai rufi ka haɗa abin toshe kunne da na rufewa. Tabarau na kariya, hula mai baki, da riga mai rufaffen wuya, saboda kwanso da zafinsa yake fitowa, in ya faɗa cikin riga mutum kan yi tsalle da bindiga a hannu. Hayaƙin firaima da ƙurar ƙwaya suna ɗauke da dalma, don haka ba ci ba sha a wurin harbi, ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka taɓa abinci ko yaro.

Kube ya zama mai tauri, wanda aka yi wa wannan samfurin, ya rufe gidan kunama ruf ta kowane gefe. Na yadi mai laushi yana lanƙwashewa ya shiga gidan kunama. Mayar da bindiga kube ba a yin sa da sauri: ka kawar da riga, ka duba da ido, yatsa a miƙe, in ka ji turjiya ka tsaya. In kuma ta suɓuce daga hannunka, ka bar ta ta faɗi. An gina ta ta jure faɗuwa, cafkar ce ke kai yatsa kan kunama.

A gida, akwatin ƙarfe mai makulli da aka ɗaure da bango ko ƙasa, bindiga ba harsashi, harsashi a wani wurin daban shi ma a kulle. Saman kabad da ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ne, yara sun san ko'ina a gidansu, kuma jan kunama na kilo biyu da rabi ba ya gagarar ƙaramin yaro idan ya sa manyan yatsu biyu. Idan wani a gidan yana cikin matsananciyar damuwa, ko rikici ya yi zafi, ko da kai ne, a fitar da bindigar zuwa wurin ajiyar da doka ta amince da shi har abin ya wuce. Roba ba ta tsatsa, amma bututu da sifirin da saitin ƙarfe suna yi, saboda haka ka sa ƴar jakar shanye danshi a akwatin, ka shafa wa ƙarfen waje tsumma mai ɗan mai, ka kuma buɗe ka duba ta duk wata ko da ba ka harba ba.